Tawul a Bayan Kujera

Masana tarihi sun ƙarar da tawada mai yawa wajen bayyana abin da ke riƙe da mulki a duniya. Wasu sun ce takobi, wasu alƙalami, wasu baitulmali. Ni dai, bayan shekara goma sha tara ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, da kuma tafiya guda zuwa Makka, ina shaida wa masu karatu cewa duk sun yi kuskure. Abin da ke riƙe da mulki tawul ne: fari, mai tsawon kamu huɗu, wanda ba a goge jiki da shi. Ga yadda aka yi na gane haka.

Malumfashi zuwa Kano

Mun bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, a shekara ta uku da samun mulkin kai, ni da Kawu Ila, wan mahaifiyata. Kawu manomi ne, ya haura saba'in, jikinsa kuwa bai fi na ɗan aji bakwai ba. Tun ina yaro nake jin yana cewa baɗi zai tafi Hajji. Likitan da ya yi mana allura ya ja ni gefe ya ce ƙirjin tsohon nan ba zai ɗauki zafin Makka ba. Da na isar wa Kawu saƙon, sai ya ce to ƙirjin ya zauna a gida, shi zai tafi. Duk dangi mun san babu wata baɗin bayan wannan, ni kuma aka ɗora wa amanar in kai shi, in ga ya yi Hajjinsa cikakke.

Direban babbar motar ya dubi alƙaluma uku da ke jere a aljihun rigata, ya buɗe mini gaba ba tare da ya tambayi ko ni wane ne ba. Na yi wa Kawu tayi, ya ce shi kan buhuna ya saba. Ban matsa masa ba. Mil saba'in da 'yan kai, muka shiga Kano da hantsi.

Kwana biyu muka yi a zangon alhazai ana duba fasfo da katin allura. A nan ya kamata in faɗi wani laifina, don zai shigo labarin. Duk sa'ad da aiki ya kawo ni Kano, nakan cire hula in cusa a aljihu in shiga sinima kallon fim ɗin Indiya. Daga nan na ɗauko duk abin da na sani game da ƙasar. Talakan Indiya, a sanina, kyakkyawa ne, haƙoransa talatin da biyu cif, tsummansa wankakke, kuma da an ƙwace masa gona sai ya hau tudu ya yi waƙa. Babban ma'aikaci kuwa mai tumbi ne da gashin baki, ba ya magana sai ya buga tebur. Kawu bai taɓa ganin komai a allo ba sai majigin gwamnati da aka nuna musu yadda ake adana gyaɗa, ya kuma ce har a nan ma sun yi kuskure.

Kano zuwa Jidda

Jirgi ya ɗaga ƙarfe bakwai da minti goma na safe. Muka sauka Hartum aka sha mai, muka isa Jidda bayan la'asar. Zafin da ya tare mu a ƙofar jirgi ya sa na tuna maganar likita. A masaukin alhazai aka karɓe fasfonmu aka miƙa wa wakilin muɗawwifi, wato mutumin Makka da ke kula da masauki da motocin alhazan kowace ƙasa. Shayi kofi ɗaya ƙirshi huɗu, gurasa ƙirshi biyu.

Washegari muka ɗaura harami. A nan na fara lura cewa harami ba shi da aljihu, don haka alƙalumana suka koma ƙasan akwati. A motar Makka babu wanda ya buɗe mini gaba. Mil arba'in da biyar ne, an tsai da mu sau biyu ana duba takardu, muka shiga gari ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ya faru da Kawu da ya ga Ka'aba ba na takarda ba ne, na bar shi a tsakaninsu.

Mansur

Da muka gama Umra muka kwance harami, sai muka sauka a unguwar Mansur, gidan Alhaji Haruna, Bakano da ya taho a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekara bakwai a hanya, ya kuma yi talatin a Makka yana sayar da shayi da gurasa. A layinsu za ka sami kuka da daddawa da tuwon dawa, ka rantse kana Fagge, in ban da duwatsun da suka kewaye ka. Ɗansa Hamza magidanci ne, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana tuƙa babbar mota wa wani muɗawwifin mutanen Indiya.

Rana ta uku Hamza ya shigo ya ɗauki kujera ɗaya tilo mai jingina da ke shagon ubansa. Ya ce wani babban mutum cikin baƙin maigidansa ya ƙi zama a tabarma, wai sai kursi. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin fim ɗin Indiya, ya ce babu sinima a Makka, shi Indiyawa ta nauyin akwatunansu ya san su. Na ce zan raka shi. Ban taɓa zama da Ba'indiye mai rai ba.

Sai ga shi kamar an ciro shi daga allo: tumbi, gashin baki, tabarau. Sunansa Nuruddin, amma mutanensa Sahib suke ce masa, ma'ana dai ranka ya daɗe. Mataimakin sakatare ne a ma'aikatar ayyuka ta wata jiha a ƙasarsu. Tare da shi akwai masinjan ofishinsa, Karimu, tsoho siriri mai tari, da ɗamara a ƙirji mai tambarin tagulla. Hamza ya ajiye kujera, amma Sahib bai zauna ba. Karimu ya buɗe akwati ya ciro farin tawul, ya kaɗe, ya shimfiɗa a majinginar kujerar, ya daidaita gefe da gefe. Sannan Sahib ya zauna, ya ajiye ƙaramar ƙararrawa kusa da ƙafarsa, ko da yake Karimu na tsaye taku biyu daga gare shi.

Da ya ji ina Turanci, fuskarsa ta sake. Ya bayyana mini tsarin abin a natse, kamar mai karantar da fiƙihu. A ofisoshinsu ƙaramin akawu benci ne nasa. In ya ƙaru, kujera marar hannu. Daga nan mai hannu, sannan fanka, sannan labule a ƙofa da masinja a bakinta. Tawul kuwa sai wanda ya kai. Asalinsa, in ji shi, Turawa ne suka fara sawa don gumi da man gashi, Turawan suka tafi, gumin ya tafi da su, tawul ya zauna. Shi shekara ashirin da shida ya yi kafin ya samu. Na yi dariya a raina, sai kuma na tuna rigimar da muka yi wata shida a makaranta a kan wanda ya cancanci kabad mai makulli.

Don in faranta masa, na ce ai mu a Kano mun san ƙasarsu sarai, muna kallon fina-finansu. Sai na ga na taɓa ciwo. Ya ce masu fim sun kwashe talaucin ƙasarsu sun wanke shi sun shafa masa hoda suna sayarwa a ƙasashen waje, ga shi har ya iso wurina. Na zaci kunyar a ga talauci yake ji, irin ta manyan ma'aikata. Ashe ba haka ba ne.

"Malam, ubana masinja ne," in ji shi. "Shekara talatin yana ninke tawul ɗin wasu. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Talaucin da na sani tari yake yi."

Karimu ya yi tari a bayansa, ba don ya ji abin da aka ce ba, don ba ya jin Turanci. Sahib ya ƙara da cewa shi ma ya ga mutanenmu a fim, da mashi a hannu suna zagaya wuta, ya tambaye ni ko na zo da nawa mashin. Na ce yana ƙasan akwati tare da alƙaluma.

Makka zuwa Arfa

Ranar takwas ga wata, da ayarinmu zai tafi Minna, zazzaɓi ya kwantar da Kawu. Muka ɗaura masa harami a kwance, amma ya kasa tashi, motarmu ta tafi ta bar mu. Alhaji Haruna ya ce kwanan Minna sunna ce, kada mu damu, amma Arfa ita ce Hajji, wanda ya rasa ta ya rasa duka. Ya sa Hamza ya yi alkawarin zai biyo ta kanmu da safe, don akwai ragowar Indiyawa da zai kwasa kai tsaye zuwa Arfa.

Wata matsalar kuma, mayafin haramin Kawu ya ɓaci da amai. Na wanke na shanya a kan soro, da gari ya waye babu shi. Ko iska ce, ko wani alhajin mai gaggawa, Allah Ya sani. Shaguna duk a rufe, gari ya zama kamar an share.

Ƙarfe shida da kwata Hamza ya iso. Ya riga ya biya ta masaukin Indiyawa an loda kaya, su kuma za mu ɗauke su a hanya. Ya dubi Kawu sau ɗaya, ya ce bayan mota zai kashe shi, ya sungume shi kamar buhun auduga ya sa a gaba. Ni ina baya ina ɗaure salkar ruwa, da niyyar in na gama in ba Kawu mayafina. Da na zagayo sai na tarar ya riga ya yafa wani, fari tas, mai laushi, yana ta sa wa Hamza albarka. Hamza, da bai san hawa ba bai san sauka ba, yana cewa ba mushkila ya ammi, wato ba komai baffa. Na gane tawul ɗin nan take. Karimu ne ya shimfiɗa shi a kujerar gaba tun da asuba, wanda a ƙasarsu ya fi rubuta suna ƙarfi. A ƙasarmu kuwa, farin ƙyalle a kan kujera kusa da tsohon da ba shi da mayafi, ma'anarsa ɗaya ce.

Ban gaya wa Kawu ba. Wannan shi ne laifina na biyu.

A ƙofar masaukinsu Sahib ya fito cikin harami, tumbi a waje, ya nufi gaba kai tsaye. Ya buɗe ƙofa, ya ga shekararsa ashirin da shida a kafaɗar wani tsoho baƙi da ke rawar ɗari. Kawu ya ɗaga masa hannu ya yi masa sannu. Na ga gashin bakin nan ya motsa, na ce yau zan ga an buga tebur. Amma mai harami ba ya jayayya, Sahib kuwa mutum ne da ya yi rayuwarsa yana bin ƙa'ida. Ya dubi tawul, ya dubi ƙashin haƙarƙarin Kawu, ya rufe ƙofar a hankali. Ni da Karimu muka tura shi ta baya ya hau.

Mil goma sha uku ne, muka yi su a sa'a huɗu. Motoci bakin juna, masu tafiya a ƙasa suna wuce mu, ana ta talbiya. Mu arba'in ne a baya, ba inuwa, kowa da fararen ƙyallaye biyu, da yawa ma tawul ne. Sahib ya dubi filin da ya cika da su har inda ido ya tsaya, ya ce da ni yau kowa ya zama sakatare. Kafin mu isa kafaɗunsa sun yi ja kamar gauta. Karimu kuwa, da ya cire ɗamararsa, sai ya riƙa taɓa ƙirji kamar mai neman abin da ya faɗi.

Arfa

Mun shiga kafin azahar. Ban sami ayarinmu ba, don haka muka raɓa a gefen tantin Indiyawa. Zafin ranar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Na riƙa jiƙa tawul da ruwan salka ina mayar wa Kawu a ƙirji da kafaɗa, ya kuwa riƙe ruwa yadda mayafinsa na akoko ba zai taɓa riƙewa ba. Ina da yaƙinin tawul ɗin ne ya kai shi yamma. Da la'asar ta yi sanyi ya ce in tashe shi. Ya tsaya da ƙafafunsa, hannu a sama, har rana ta faɗi. Na ji yana jera sunayen matattunmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya yi shari'ar gona da su.

Minna

Bayan Muzdalifa muka sami mutanenmu a Minna. Na yi wa Kawu jifa, aka yi yanka, aka yi aski, ya koma cikin rigarsa, zazzaɓi ya sauka. Ganin komai ya yi kyau, sai na ba shi labarin tawul a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya ture akushin da ke gabansa.

"Wato da kayan mutum na tsaya a Arfa, bai ba ni ba?"

Na kawo masa duk abin da na karanta: bai sani ba, ba da gangan ya yi ba, malamai sun ce Hajjinsa ya inganta. Ya saurare ni har na gama.

"Hedimasta," ya ce, sunan da yake kira na da shi in na ba shi haushi, "ni ba ingantacce na zo nema ba. Karɓaɓɓe na zo nema."

Ranar bai ci komai ba. Ya wanke tawul ɗin da kansa, ya shanya, ya zauna yana gadinsa. Washegari ƙarfe takwas Hamza ya kai mu tantin Indiyawa, tafiyar minti ashirin da muka yi a sa'a guda. Muka sami Sahib a zaune kan akwati, kafaɗa duk ta saɓule. Kawu ya durƙusa ya ajiye tawul a gabansa, ya ce in gaya masa ya yafe masa don Allah.

Sahib ya ce da zai iya da ya yi tun a mota, amma ba shi da iko. Ya juya gefen tawul ya nuna mana wasu haruffa da aka ɗinka da shuɗin zare. Kayan gwamnati ne, na ma'aikata, shi kansa bai kamata ya fito da shi daga ofis ba. Ba ya iya yafe abin da ba nasa ba. Da na fassara, Kawu ya tambaye ni, da gaskiyarsa, ina ita gwamnatin take, kwana nawa ne daga nan.

Karimu ya tambayi maigidansa me ake ciki, aka gaya masa. Sai ya fara magana da harshensu, kai a ƙasa, ya daɗe yana yi. Babu mai jin harshen a cikinmu, don haka dole Sahib da kansa ya zama tafinta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya faɗa mini, ban kuma ga alamar ya rage komai ba. Tawul ɗin gwamnati ya yage shekara huɗu da suka wuce. Mai kula da sito ya ce ba za a ba da sabo ba sai takarda ta zo daga babban birni, takarda kuwa ba ta zo ba har yau. Karimu ne ya shiga kasuwa ya sayi wannan da kuɗinsa, matarsa ta ɗinka haruffan.

A fim, nan ne ake sa sarewa, a gano cewa bawan Allah ya yi haka ne don ƙaunar maigidansa. Na sa a tambaye shi dalili. Amsarsa ita ce masinjan mai tawul a kan benci yake zama a bakin ƙofa, masinjan marar tawul kuwa a ƙasa, shi kuma gwiwarsa ba ta son ƙasa.

Kawu ya juya da durƙusonsa ya fuskanci Karimu. Ina jin tunda aka haifi mutumin nan ba a taɓa durƙusa masa ba, don sai da ya waiga ya ga ko da wani a bayansa. Ya ɗauki tawul, ya ɗaga shi ga haske, ya duba ciki da baya, ya yi magana gajeriya.

"Ya ce ya yafe, duniya da lahira," in ji Sahib. "Ya ce kuma ba a wanke shi da kyau ba."

Kawu ya kama hannun Karimu da hannu biyu, suka yi ta magana kowa da harshensa, ba wanda ya nemi tafinta. Sahib ya ce a ganinsa ya kamata a bar wa tsohon tawul ɗin, sai kuma ya tuna ba nasa ba ne. Karimu ya ninke abinsa ya sa a akwati. Aka kawo shinkafa mai yaji, Kawu ya ci har ya nemi ƙari. Sahib ya sauko daga kan akwatin ya zauna a tabarma tare da mu, gwiwa da gwiwa da masinjansa. Na dube su na ce a raina, lalle na ga abin da Arfa ke yi wa mutum. Muka yi musayar adireshi.

Komawa gida

Muka yi ɗawafin ban kwana, muka mayar wa Alhaji Haruna godiya, shi kuma Hamza ya mayar masa da kujerarsa. Bayan ziyarar Madina muka yi kwana biyar a Jidda muna jiran jirgi. Mun sauka Kano ranar Talata ƙarfe biyu na rana, Laraba da la'asar muna Malumfashi. A motar gida ni na hau kan buhuna, Kawu ya zauna gaba, ya ce ya gano akwai abin da ke cikin kujerar gaban nan.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, tsohon da ƙirjinsa duka. Ina gode wa mutanen Mansur da suka riƙe mu kamar 'yan ɗaki, da Hamza da bai san abin da ya yi ba har yau, da malaman da suka riƙe mini aji. Kawu, wanda yanzu ba ya amsa kira sai an ce Alhaji, yana sa Karimu a addu'a kowace asuba. Ni kuma na koma sinima sau ɗaya, da talakan ya hau tudu ya fara waƙa sai na ji ina jiran ya yi tari.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo daga Indiya, cike da gaisuwa da addu'a, da hoto a ciki wanda aka ɗauka a ofis. Sahib na zaune. Karimu na tsaye da ɗamararsa. Tawul na bayan kujera.